Ƙawar Inna

Ya ɗaga kazar da hannu ɗaya, tana ƙara tana saran sa, don Maƙeri ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Ƙwai uku ne, kore-kore, kamar an dafa su da ganye. Ba nata ba ne, na agwagwa ne, aron ta aka yi ta yi musu kwanci.

"Buɗe ido, Sarkin Tsatsa," in ji Ƙi-nutse. "Biyun nan dogaye masu tsini maza ne. Wannan dunƙulallen mace ce."

Maƙeri, maƙwabcinsa kuma abokin tsiyarsa tun suna da baƙin gashi, ya sunkuya ya duba. "Ta ina ka leƙa?"

"Ni ba na leƙe. Ido ne. Kai ba kana ganin ƙarfe ka san ko zai yi lauje ba?"

"Sai na sa shi a wuta tukuna."

"Shi ya sa har yau kake maƙeri."

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa. Tun shekarar babbar ambaliya ake ce masa Ƙi-nutse, shekarar da ruwa ya tafi da ɗaki da rumbu da jaki, aka same shi a kan bishiya ya ɗaure buhu a wuya, agwagi na motsi a ciki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ya ji labarin, kuma kowace shekara ruwan ƙaruwa yake yi, bishiyar tana ƙara tsawo. Amma ambaliyar an yi ta, buhun ma gaskiya ne. Mutum ne da ko sunansa ba ya iya rubutawa, duk da haka masu takalma masu sheƙi sun zo cikin mota har bakin kududdufinsa, sun tsuguna cikin kashin agwagwa suna ɗaukar hoto. Wani likita ya taɓa cewa a mai da shi gida, babu sauran abin yi. Shi ya je gaisuwar rasuwar likitan, a ƙafa.

Agwagin da ke cikin buhun nan su ne 'yan sarƙa. Jikinsu launin toka ne mai shuɗi-shuɗi, da farin zobe a wuya kamar an rataya musu sarƙa. Ba sa saurin girma, ba sa yawan ƙwai, don haka tun da daɗewa kowa ya watsar da su ya koma wa farare masu ƙiba. Shi kaɗai ya riƙe, kamar yadda ubansa ya riƙe. Kuma yana da doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: mace yana sayarwa ga mai so, amma toro, wato namijin, ba ya fita ƙofarsa da rai. Wanda yake son ganin ɗan sarƙa ya zo gidansa ya yi sallama.

Sai bana annoba ta shigo. Kullum da safe yana fita da kwando yana tsince su a bakin ruwa, wuya a lanƙwashe, ido a buɗe. Toraye suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har babban, wanda yake kira Alƙali saboda tafiyarsa. Da abin ya lafa, tsofaffin mata uku suka rage, sai ƙwan nan uku da aka saka kafin Alƙali ya faɗi. Ya aika ko'ina aka taɓa sayen agwagwa a wurinsa. Ko'ina amsa ɗaya ce: mata ka ba mu, Baba.

A cikin daminar nan dai matarsa ta faɗi a bakin famfo, da bokiti a hannu. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta tafi. Ita ce fa matar da in yana ba da labari ya kai ruwan ambaliya iya wuya sai ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafa ba, "Bara iya cibiya ne." Ita kaɗai ce a duniya take tsayar da shi da kalma ɗaya. Yanzu yana ba da labarin a bakin gadonta, yana kai ruwan har saman kai, yana ƙara kada guda biyu da ba su taɓa shiga labarin ba, yana satar kallon ta. Idonta na kan silin. Babu mai cewa ƙarya ne.

Ƙwan suka ƙyanƙyashe da hantsi. Na dogayen biyu suka fito da ƙarfinsu, kafin jikinsu ya bushe sun fara ture juna. Na dunƙulallen ya makara, ya fito jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya a nannaɗe, kai ba ya tsayawa. Kazar ta dube shi ta kai masa sara. Ƙi-nutse ya zura hannu ya ɗauke, ya cire hularsa ya sa shi ciki.

Ya san dokar, ba wai bai sani ba. Shi yake koya wa masu saye: ɗan agwagwa abin da ya fara buɗe ido ya gani yana motsi, shi ne uwarsa, kuma in ya girma irin wannan zai nema. Kada a rene shi a ɗaki, kada a rene shi a hannu. Amma ya yi lissafinsa a tsaye a tsakar gida. Maza biyu na nan lafiya lau a ƙarƙashin kaza, gobe zai haɗa su da tsofaffin. Wannan mace ce, mata kuwa yana da su. Kuma da wuya ta kai jibi.

Ya shiga ɗaki ya ajiye hular a cinyar matarsa.

"Uwar Auta, ga baƙuwa. Riƙe mini ita, ina zuwa."

Bai je ko'ina ba. Ya laɓe a bakin ƙofa. An daɗe babu abin da ya faru. Sai hannunta na hagu, wanda ko cokali ya ƙi ɗauka tun dawowar ta, ya taso a hankali ya rufe hular.

Baƙuwa ba ta mutu ba. Ta kwana a wuyan tsohuwa, ta tashi a hammatarta. Ƙafar ta miƙe. Da ta fara neman abinci, sai ya zama ba ta ci sai daga tafin hannun nan na hagu, don haka dole hannun ya koyi damƙar jiƙaƙƙiyar dusa. Da ta fara neman ruwa, sai ya zama dole a fito da tsohuwa bakin ƙofa ta zauna kusa da daro. Wata rana da yamma abar ta faɗa bayan kujera tana tsuwwa, sai aka ji wata murya mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ƙawa."

Ƙi-nutse ya yar da kwanon da ke hannunsa. Ya fita titi ba takalmi, ya faɗa wa Maƙeri, ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa wani mai keke da bai san shi ba. Abin da asibiti ya kasa, shi ya yi da hula da ɗan agwagwa.

Auta, 'yarsu, tela ce a cikin gari, tana zuwa duk ƙarshen mako da 'yar jakarta. Ita ta riƙa tattara kalmomin kamar mai tsintar gyaɗa. Bayan "Ƙawa" sai "zo". Bayan "zo" sai "ci". Sai "ruwa", sai "bari". Kafin damina ta ƙare Inna tana haɗa kalma biyu, har uku. Tana jan ƙafa tana dafa bango daga gado zuwa ƙofa, Ƙawa na biye da ita tana rangaji, su biyun tafiyarsu iri ɗaya. Har wata rana yana tsakiyar labarin buhu, ya kai ruwan iya hanci, ta juyo da rabin bakinta ta ce, "Cibiya."

Ya yi dariya har ya shiga bayan ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Murya ce ta fara tona asiri. A agwagwa mace ce mai baki, ita take kwakwazo a ji ta har titi. Namiji in ya tasa sai muryarsa ta dusashe, ta koma kamar raɗa. Wata safiya Ƙi-nutse na zuba dusa, Maƙeri na jingine da katanga yana goge haƙori, sai biyun nan da ake kira mazan gida suka ɗaga wuya tare suka saki kwakwazo, ƙarara, har kazar da ta rene su ta firgita.

Maƙeri ya cire asuwakin daga baki. "Mazan naka sun iya guɗa."

"Ƙuruciya ce. Murya ba ta zauna ba."

"To. Ni dai ƙarfe na sani."

A daidai nan Ƙawa ta sauko daga cinyar tsohuwa, ta zo bakin daro, ta buɗe baki. Abin da ya fito wani huci ne can ƙasa-ƙasa. Ƙi-nutse ya ajiye kwanon. Ya je ya ɗauke ta, ya juya ta, ya busa gashin wutsiya. Ga shi nan, gashi ɗaya ya fara lanƙwashewa sama kamar ƙugiya, wanda toro kaɗai yake da shi.

Maƙeri ya fara dariya, ya riƙe ciki. Sai ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye sauran.

"Ai ka samu namiji," ya ce a hankali. "Ba shi ake nema ba?"

"Shi ne." Ƙi-nutse ya sauke shi ƙasa. Toron ya girgiza jiki, ya wuce ta gaban 'yan'uwansa ko kallo bai yi musu ba, ya koma ya haye ƙafar tsohuwa.

Ƙi-nutse ya ce jini ba ya mantuwa. Ya ce ɗan Alƙali ne, in lokaci ya yi zai san kansa. Lokaci ya yi. Wuyan Ƙawa ya yi sheƙi, zobensa ya fito fari fat, irin toron da ko uban Ƙi-nutse bai taɓa riƙe kamar sa ba. Matan suka fara bin sa suna kaɗa kai, suna kwantar da jiki a kan ruwa. Shi kuwa sai ya zo gaban tsohuwa ya yi ta sunkuyar da kai yana ɗagawa, yana jan bakin zanenta, yana zagaya kujerarta da fiffike a ƙasa. Auta ta ce, "Baba, an fa yi maka kishiya," ta yi dariya har da hawaye. Inna ma ta yi, da rabin fuska.

Ƙi-nutse ya riƙa ɗaukar sa yana jefawa a kududdufi tsakiyar matan. Kafin ya juyo ya wanke hannu, toron ya riga shi isa ƙofar ɗaki. Matan suka yi ƙwai. Ya bari suka kwanta a kai, sannan ya kwashe zuwa ɗakin ajiya, inda ƙofa take da wata 'yar huda da rana ke shigowa da hantsi kamar tsinke. Ya rufe kansa ciki, ya riƙa kara ƙwan a hasken ɗaya bayan ɗaya. Ƙwai mai ɗa yana nuna jan zare kamar saiwa. Waɗannan duk garau suke, kamar ruwan randa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin agwagin ta mutu don tsufa. Wata ta daina ƙwai. Sannan wata rana karen wani ya faɗo gidan, ya cafki Ƙawa a bakin ƙofa, tsohuwa na ihu da muryar da ba ta fita. Da sanda aka ƙwace shi. Gashi kawai ya rasa. Amma Ƙi-nutse ya zauna a kan turmi yana kallon gashin da iska ke wasa da shi a tsakar gida. Toro ɗaya ne a duniya. Abin da ya tsallake ambaliya a wuyansa, saura kaɗan ya ƙare a bakin karen da ko suna ba shi da shi.

"Raba su zan yi," ya ce wa Auta a bayan ɗaki, inda take shanya. "Zan kai shi bayan maƙera da matan. In ba ya ganin ta, ba ya jin ta, zai waiwayi nasa. Ƙarar guduma za ta rufe komai."

Auta ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. "Baba, ka san me kake faɗa?"

"Ɗan lokaci ne."

"Da wa take magana in ba shi ba? Don wa take tashi?"

"Ga ni. Ni ba mutum ba ne?"

"Baba, ka jira."

"In jira me?"

Ta dubi tagar ɗakin, ta dubi ƙasa. Ya gane abin da take nufi.

"Uwarki ba inda za ta. Mu ba ma mutuwa da wuri a gidan nan. Shekara ashirin za ta ƙara, kin ji na faɗa. Shi toro shekara ashirin zai yi yana jiran ta?"

"Agwagi ne fa, Baba."

"Ubana ya miƙo mini su. Ni zan je in ce masa a hannuna suka ƙare?"

Ta shanya zanen, ta daɗe tana gyara bakinsa, ko da yake babu abin gyarawa.

Da safe ya yi. Ya fara kwashe matan a kwando, sannan ya dawo. Tsohuwa na bakin ƙofa, Ƙawa a cinyarta, ta ɗora hannun hagu a bayansa.

"Uwar Auta, aron ƙawarki zan yi. Aiki zai yi mini, ya dawo."

Ta dube shi. Kwanyarta ba ta shanye ba, shekara nawa tana jin sa yana koya wa masu saye doka. Yatsunta suka nutse cikin gashin.

"Bari," ta ce.

"Kwana kaɗan ne."

"Bari."

Bai taɓa sanin hannun ya yi ƙarfi haka ba. Sai da ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, waɗanda shi da kansa yake yi wa tausa da mai kullum don su motsa. Ya rungumi toron ya nufi ƙofar gida. Bai waiwaya ba. Yana daf da fita ya ji ta haɗa kalmomi mafi tsawo tun faɗuwar ta.

"Ƙawa ba ta ci ba."

Maƙeri ya ba shi filin bayan maƙera, inda akwai tsohon kwami da ake kashe ƙarfe a ciki. Suka wanke shi, suka cika da ruwa, suka kewaye wurin da langa-langa. Maƙeri bai yi tsiya ko ɗaya ba ranar, abin da ya fi zagi ciwo.

Toron ya ƙi ci. Ya riƙa zagaya katangar yana dukan ta da ƙirji har gashin wurin ya zube, yana buɗe baki yana kira da raɗar nan tasa da ba ta wuce taku biyu. Can gida kuma tsohuwa na bakin ƙofa tun hantsi, dusa a tafin hannu tana bushewa.

"Ƙawa. Zo."

Guduma na amsawa daga nesa.

Ƙi-nutse ya zama mai kai da kawowa tsakanin mayunwata biyu. Nan ya tura wa ɗaya kwano, can ya kai wa ɗaya cokali baki, kowa ya kau da kai. Yana ce wa toron, "Kai ɗan Alƙali ne, ka ji kunya." Yana ce mata, "Yana gaishe ki. Ya yi ƙiba, in kin gan shi ba za ki gane shi ba." Sau da yawa ya kai hannu kan langa-langar zai buɗe, sai ya tuna kwandon da yake fita da shi da safe a lokacin annoba, ya janye. Wanda ya kwana a kan bishiya ba kukan agwagwa ne zai karya shi ba. Haka yake faɗa wa mai shayi, da ƙarfi, ko ba a tambaye shi ba.

Toron ne ya fara saki. Yunwa ta kai shi kwano, zafi ya kai shi kwami, a kwamin kuma ga matan. Ita kuwa kalmominta suka riƙa komawa inda suka fito. "Ruwa" ta fara tafiya, sai "ci". Ta daina dafa bango. Auta ta rufe shagonta ta dawo gidan da kekenta na ɗinki, tana ɗaga uwar tana kwantarwa. Tana kawo wa uban abinci ta ajiye a gabansa da ladabi, "Ga shi, Baba," ba ta ƙara komai. Daga baya ko "zo" babu. Tsohuwa takan zauna inda aka ajiye ta, hannun hagu a buɗe a kan cinya.

Ya gwada labarin buhu. Ya kai ruwan har ya shafe bishiyar gaba ɗaya, ya ce a ƙarƙashin ruwa ya kwana yana numfashi ta kara. Keken Auta ne kawai ke ƙara a ɗaya ɗakin.

Maƙeri ne ya fara gani. Ya bar ƙarfe a wuta ya leƙo ta katanga yana yafuto Ƙi-nutse. A cikin kwamin, toron ya kama ɗaya daga cikin 'yan matan a ƙeya ya danne ta cikin ruwa, ya gama, ya sauka ya zagaya kwamin da wuya a miƙe kamar wanda aka naɗa. Dattawan biyu suka tsaya suna kallo kamar yara.

Ƙi-nutse bai faɗa a gida ba, sai da ƙwai suka taru, aka yi kwanci, ya kai su ɗakin ajiya ya rufe ƙofa. Na farko da ya kara a hasken, ga jan zaren nan ya bazu, da wani ɗigo a tsakiya yana harbawa. Na biyu haka. Na uku haka. Ya jingina da buhun dusa, yana dariya ba sauti. Ya faɗa. Tun farko ya faɗa, jini ba ya mantuwa. Wa ya isa. Ambaliya ta gwada, annoba ta gwada.

Ya mai da ƙwan ƙarƙashin uwarsu tun ba su huce ba.

"To, ka ci," in ji Maƙeri, bai ɗago daga kan uwar maƙera ba. "Mayar wa baiwar Allah da abinta."

"Ai yanzu ma kuwa. Dama me na ce? Aro."

Da ƙyar ya kama shi. Toron ya yi nauyi, ya yi ƙarfi, yana warin kwami, ya buge shi da fiffike a haƙarƙari, ya cije shi a hannu har ya yi shaida. Ya matse shi a hammata ya shigo gida yana magana tun daga zaure.

"Ina masu gidan? Ga ango ya dawo. Auta, fito da uwarki, jiƙo dusa."

Auta ta fito ta ga abin da ke hammatarsa, ta koma da sauri. Ta turo kujerar bakin ƙofa, ta zaunar da Inna, ta gyara mata ɗankwali, ta zuba mata dusa a tafin hannu. Idon tsohuwa, wanda ya daɗe bai tsaya a kan komai ba, ya tsaya. Hannun ya taso daga cinya da kansa, ya miƙe, dusar na ɗiga ta tsakanin yatsu.

Ƙi-nutse ya durƙusa ya ajiye shi daf da ƙafarta.

Toron ya girgiza, ya gyara gashinsa. Ya karkata kai ya dubi hannun da ido ɗaya. Ya ja da baya, ya kwantar da wuya, ya yi mata huci, irin wanda ake yi wa baƙo. Daga nesa ɗaya daga cikin matan ta saki kwakwazo. Ya juya, ya bi ta gefen daro, ya ratsa tsakar gida da tafiyar ubansa, ya tsaya a ƙofar gida yana jira a buɗe masa.

"Gajiya ce," in ji Ƙi-nutse. "Bai huta ba. Bari in..."

Ya je ya ɗauko shi ya sake ajiyewa. Toron ya sake tafiya. Da zai koma na uku, Auta ta ce, "Baba," a hankali, ta je da kanta ta ɗauki toron ta fita da shi.

Suka rage su biyu. Hannun na nan a miƙe, ya fara rawa don gajiya. Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya tallafe shi daga ƙasa.

"Uwar Auta, ki saurara. Ƙwan sun kama, da idona na gani. Kwanan nan za su fito, gida zai cika kamar da. In sun fito, ke za ki fara zaɓa. Wanda duk kike so, ko namiji ne, ni na ba ki. Tun yana jiƙe zan kawo miki."

Ta daɗe tana kallon ƙofar gida. Sannan ta juyo da idonta kansa, babu fushi a ciki, da ma akwai. Bakin ya yi ta kokawa kafin abin ya fito.

"Bar su," ta ce. Ta huta. "Wurin uwarsu."

Can bayan katanga guduma ta ci gaba, matan na maraba da mijinsu.

Ya juya hannun nata a hankali, ya kakkaɓe dusar a cikin nasa. Ya jawo daro, ya shiga wanke mata yatsun ɗaya bayan ɗaya.